Bakan Gora a Dadin Kowa

Bayan la'asar, in injin ban-ruwa ya yi shiru,
nakan zare shi daga doguwar rigarsa,
bakan da ya fi ni tsawo da kamu uku,
wanda ya sa direba ya karɓi kuɗin mutum biyu
ranar da na iso da shi daga Japan.

Wata tara na yi can ina koyon rabon ruwa a gonar shinkafa,
amma abin da ya biyo ni gida
muryar tsohuwa Hoshino ce:
"Ƙafa tukuna. Ajiye kibiyar nan, ƙafa tukuna."
Wata biyu ban harbi komai ba,
roba kawai nake ja kamar yaron mai faci.

Istifanus, abokin aikina ɗan Kaltungo,
nasa na Turai ne, a akwati ya zo, gunduwa uku,
ana ɗaure shi da noti kamar keken ɗinki.
Ga ɗan ƙarfen saiti, ga sanda a goshi mai hana shi rawa,
mariƙi a tsakiya, sama da ƙasa kunnen doki.
Yatsa uku a tsarkiya, ya ja zuwa haɓa,
ya kanne ido, tas!
Ya ce kakan wannan bakan itace guda ne,
da shi aka huda sulke a yaƙe-yaƙen can.

Nawa gora ce da katako aka manne,
can ƙasa ake riƙe shi,
kai ka ce mai sassaƙar ya ɓatar da ma'auni.
Babban yatsa ke ɗaukar tsarkiya cikin safar fatar barewa.
In ɗaga hannu biyu sama da kai,
in buɗe a hankali, ƙirjina ya shiga tsakani,
har dama ta wuce kunne.
Sai jira.
Ba a sakin ta, in ji tsohuwa,
ita ke tafiya, kamar mangwaro in ya nuna.

Damin tattakar shinkafa muka jingina a gindin darbejiya.
Cikin goma ya sami tara.
Ni biyu, ɗaya ma a gefe, kamar mai jin kunya.

Baba Hammadu mai gadin kwalbati
yana zaune kan bokiti, yana ɓare gyaɗa.
Ya ce, "Na wancan ya kashe gada.
Naka kuwa, Injiniya, gadar za ta gama kiwo,
ta sha ruwa, ta yi maka sai da safe."
Muka yi dariya har Istifanus ya ƙware.
Sannan ya goge hannu, ya karɓa,
ya riƙe shi kai a ƙasa, na juya masa.
Ya shinshina gorar.
Ya ce na ubansa bai kai rabin wannan ba,
da man shanu ake shafe shi,
kuma ba a barin yaro ya taɓa bakin kibiya.

Zafin Gombe bai san baƙo ba.
Kusa da randa nake kwantar da shi,
da dare in bi bayansa da tafin hannu
ko manni ya fara ɗagawa.
Maryamu ta ce ko ita ba ta samun wannan dubiyar.

Jiya Istifanus yana Gombe wajen taro.
Awaki sun cinye rabin damin.
Na tsaya duk da haka, ƙafa tukuna.
Tsarkiya ta yi wata ƙara siririya da ban taɓa ji ba nan,
bakan ya juya a hannuna da kansa
har igiyar ta shafi bayan damtsena.

Baba Hammadu ya daina tauna.
"Sake yi," ya ce.
Ban iya ba.
Kibiyar kuwa tana can cikin shinkafar Alhaji Bappayo,
har magariba muna nema, ni da jikokinsa,
wando naɗe, taɓo har gwiwa.